Malam Mai Gardama, Ga Shayinka Rabin Kofi

Gyara zama, Malam. Na san tun kafin in gama faɗin cewa karin maganar Uzbekawa za mu auna da ta Turawa ka taɓe baki: "Uzbekawa kuma? Muna fama da tsadar shinkafa, za a kawo mana karin maganar mutanen da ko a taswira ba mu san inda suke ba?" A hankali dai. Ka san su, sani ma na ƙwarai. Littafin nan da kake ɗaga yatsa kana rantsuwa da ingancinsa idan musu ya yi zafi a majalisa, ɗan ƙasarsu ne ya tattara shi. A Bukhara aka haifi Imamu Buhari a shekarar 810 Miladiyya, kabarinsa yana wani ƙauye kusa da Samarkand. Tirmizi ma nasu ne, mutumin Termez, can bakin iyakarsu da Afghanistan. Kai ne dai ba ka taɓa tambayar ina garuruwan suke ba. Ƙasar Uzbekawa, ƙasa ce a tsakiyar Asiya mai mutum sama da miliyan 35, ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991, ba ta da mafita zuwa babban teku, maƙwabtanta duka ma haka.

Amma ba wannan ce gardamarka ta gaskiya ba. Taka ita ce wadda ka saba: wai hankali ɗaya ne a duniya, karin magana kuwa hankali ce aka ƙulle a ɗan ƙunshi, don haka abin da tsohuwar Landan ta faɗa shi tsohuwar Tashkent ta faɗa, baki ne kawai ya bambanta. Kana da 'yar hujjarka ma. Bature ya ce ka duba kafin ka yi tsalle, Ba'uzbeke ya ce ka auna sau bakwai ka yanka sau ɗaya. Bature ya ce sai ranar da alade ya yi fiffike, Ba'uzbeke ya ce sai ranar da wutsiyar raƙumi ta taɓa ƙasa. Kowa ya kama dabbar da ke bayan gidansa, ma'ana tana nan daram. Na ba ka wannan, karɓi abinka, ba zan yi maka ƙeta ba.

To bari in gwada ka da guda ɗaya. Turawan Ingila suna cewa dutsen da yake ta gangara ba ya tara gansakuka. Yabo ne ko faɗa? Kada ka leƙa ƙasa, faɗi naka tukuna.

Na ji ka. Ka ce yabo ne, wato mai motsi ba ya ruɓewa, mai nema yana tare da samu. Dole ka ce haka mana, tunda a wurinka gansakuka ƙazanta ce, abar bakin kwata da gindin randar da aka yi wa sakaci. To ka faɗi, kuma ba faɗuwar wasa ba. Ga mutumin Ingila na da, gansakukar ita ce arzikin. Ƙasa ce mai laima. Ginin dutsen da ya shekara ɗari a wuri ɗaya shi yake yin kore shar, koren nan kuwa shaidar gida ne mai asali, mai dukiya, mai jama'a. Karin maganar tana cikin tarin da John Heywood ya buga a 1546, kuma faɗa ce ake yi wa yaron da ya kasa zama wurin ubangida ɗaya: yau yana maƙera, gobe ya bi jirgin ruwa, jibi ya dawo hannu rabbana. Doka ma tana bayan tsofaffin. A zamanin Sarki Henry na Takwas bulala ake yi wa ɗan yawon banza, dokar 1662 kuwa ta ba hukuma ikon mayar da baƙon talaka gundumarsa ta asali idan aka ga alamar zai zame wa gari kaya. A ƙasa irin wannan, wa zai yi alfahari da gangara?

Sai maganar ta hau jirgi ta sauka Amurka, inda dokar 1862 ta ce duk wanda ya je ya zauna shekara 5 a fili yana nomawa, eka 160 ta zama tasa. A can wanda ya naɗe tabarmarsa ya yi yamma shi ya samu, wanda ya zauna ya tashi a tutar babu. Gansakuka ta koma tsatsa. Yau Amurkawa da yawa in sun faɗi maganar, yabon kansu suke yi. Harshe ɗaya ne fa, ko wasali ba a canza ba, amma ma'ana ta juya ta ba da baya. Ina hankalin nan ɗaya da ka ce, Malam? 'Yan uwa biyu sun kasa daidaitawa a kan dutse guda.

Ba'uzbeke kam ba zai ɓata lokaci a nan ba, yana bayan tsohon Ingila. Nasa ma ya fi tsauri: gara ka zama mabaraci a ƙasarka da ka zama sarki a ƙasar wani. Ga shi kuwa sama da mutum miliyan ɗaya daga cikinsu suna Rasha suna aikin gini da sharar titi da tuƙin tasi, suna aiko kuɗi gida. Ina zargin a ɗakunan hayar Mosko aka fi faɗinta yanzu, kuma ba da sigar wa'azi ba, da sigar kewa.

Batun ruwa ba sai na ja shi ba. Bature yana cewa a yi tanadi saboda ranar ruwan sama, wato ranar wahala, kuma a haɗa ingirici tun rana tana haskawa. Gaskiyarsa: ruwa yana iya sauko masa a kowane wata na shekara, ciyawar da ta jiƙe ruɓewa take yi, in ta ruɓe shanu su kwana da yunwa a hunturu. Je ka karanta wa manomin Bukhara wannan, a gefen hamadar Kizilkum inda ruwan shekara guda ba ya kaiwa milimita 200, ka ga irin kallon da zai yi maka. A can idan yaro ya miƙa wa dattijo ruwan sha, albarkar da ake sa masa ita ce ya yalwata kamar ruwa. Har muƙami suke da shi tun zamanin sarakunansu, mirob, mai rabon ruwan magudana tsakanin gonaki, kuma ba mutumin da ake ɓata wa rai ba ne.

Yanzu zo mu shiga gida, don a nan gizo yake saƙa.

Ka yi sallama a gidan Ba'uzbeke. Takalmi a bakin ƙofa. Ba za a bar ka ka raɓe kusa da mashiga ba, sai an ja ka can ƙurya, wuri mafi nisa da ƙofa, nan ne mazaunin girma. Siraran katifu na auduga kewaye da gajeren teburi, an shimfiɗa ledar cin abincinsu ta ƙyalle, an jera zabibi da goron ƙasarsu da alewa. Kowa ya ɗaga hannu, gajeriyar addu'a, a shafa. Sai gurasa, zagayayya, mai kauri a baki da tambari a tsakiya, daga tanderu. Maigida da hannunsa zai gutsuttsura ta ya ajiye gaban kowa. Ba a sa mata wuƙa, ba a kife ta. Sannan ya ɗauki butar shayi ya tsiyaya a ɗan kofin tangaran marar mariƙi da suke kira piyola, ya mayar cikin buta, ya sake, ya sake, har sau uku. Ya miƙo maka da dama, hagunsa a ƙirji.

Ka leƙa kofin. Ɗan shayi ne a gindi, ko rabi bai cika kaiwa ba.

Ahaf, ga ka nan ka fara: "Rowa! Duk wannan sanabe a kan kurɓi biyu?" Sha kuruminka, Malam, karrama ka aka yi. Kaɗan ake zubawa don kada ya huce a hannunka, don kuma maigida ya yi ta karɓa yana ƙara maka, hidimarka ba ta yanke ba muddin kana zaune. Ranar da aka cika maka kofi fal har baki, to an gaji da kai, shanye ka kama hanya. A Ingila kuwa cikakken kofi da madara shi ne mutunci, in ka ba mutum rabi sai ya ɗauka ruwan zafin ne ya ƙare. Idan kofin shayi, da ba ya magana, yana da fassara biyu, me zai hana magana?

Mutanen da suke zuba shayi haka su suke cewa mehmon otangdan ulug', baƙo ya fi ubanka girma. Na ga ka zabura. Daidai ne ka zabura, don haka aka gina ta. Nauyinta duka yana kan uban. A gidan da ɗa ba ya miƙa hannu cikin akushi kafin mahaifinsa, a ce ga wani wanda ya fi uban, an kai magana maƙura. Ka faɗe ta a gidan da yaro yake musu da babansa a kan teburi, ba abin da za ta girgiza. Dalilinta kuma ba ɓoyayye ba ne. Garuruwansu dausayi ne a tsakanin hamada, a da ayarin fatake yana ratsawa daga Sin zuwa Farisa. Har yau ƙofar masaukin fatake na Rabati Malik, ginin ƙarni na 11, tana tsaye a hanyar Samarkand zuwa Bukhara. Inda rufe wa matafiyi ƙofa yake iya zama ajalinsa, kuma gobe kai ne matafiyin, saukar baƙo ta wuce ganin dama. Ingila kuwa ƙaramar ƙasa ce a kan tsibiri, mai ƙauyuka kusa da juna, da gidajen kwana na kuɗi a kan manyan hanyoyi. Matafiyi ya biya ya kwana. Wanda ya shigo gidanka kuwa, kai ka gayyato shi, da rana da sa'a.

Shi ya sa nasu ya fito da wari: kifi da baƙo, kwana uku suke yi su fara ɗoyi. Benjamin Franklin ya sa ta a kalandarsa ta 1736 a Amurka, amma ta girme shi, tun ƙarni na 16 tana yawo a Ingila.

Kada ka yi tsalle tukuna. Na san abin da ka tono, ni ma na san da shi: Uzbekawa suna cewa darajar baƙo kwana uku ce. "Ka gani? Uku a nan, uku a can! Hankali ɗaya!" Sannu da aiki, mai lissafi. Ukun ɗaya ce, amma tambayi kowa inda ya samo tasa. Ta Ba'uzbeke tana da asali a hadisin da ɗan garinsu ya ruwaito, kai ma ka san shi: kwana uku haƙƙin baƙo ne, abin da ya ɗoru a kai sadaka ce, kuma bai halatta baƙon ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Wato bashi ne a wuyan maigida, sai ya biya shi cif kafin ya sami bakin yin tsaki. E, ana iya jefa ta a matsayin sallama cikin ladabi ga wanda ya miƙe ƙafa, amma ko a lokacin tana shaida cewa an yi masa kwana ukun. Ta Bature ba ta san da wani bashi ba. Ita iyakar haƙurin hancinsa take faɗa. Ɗaya yana ƙirga abin da ake binsa, ɗaya yana ƙirga abin da zai iya jurewa, kai kuma ka ga uku da uku ka ce tagwaye ne.

Kuma kada ka ɗauka kirari ne kawai na baki. Karin maganar nan tana cin kuɗi. A Tashkent idan ana biki, tun bayan sallar asuba maza ɗaruruwa suke cika zaure don cin osh, dafa-dukar shinkafa da naman rago da karas da ake yi a ƙatuwar tukunyar ƙarfe, wadda hukumar UNESCO ta sa al'adarta a jerin kayan gadon duniya a 2016. Mutane suna cin bashin shekaru don kada a ce sun gaza. Abin ya kai har majalisar ƙasar ta yi ƙa'ida a 2019 cewa baƙin biki kada su wuce 200. Sai da hukuma ta shiga tsakanin mutum da karin maganar kakansa.

To, Alhaji, kai da kake can gefe tun ɗazu kana gyaɗa kai kana cewa "ai dama na faɗa, Turawa ba su san mutunci ba," matso, kai ma akwai naka. Ka fi Malam ba ni tsoro, don shi aƙalla gardama yake yi, kai kuwa ka yanke hukunci a kan al'umma guda da layi biyu.

Ɗauki batun katanga. Masu jin Ingilishi suna cewa shinge mai kyau shi yake sa maƙwabtaka ta yi kyau, kuma gidan mutumin Ingila shi ne birninsa mai ganuwa. Ba'uzbeke ya ce kada ka sayi gida, sayi maƙwabci. Ya ce unguwa ce ubanka, unguwa ce uwarka. Ya ce yaro guda, unguwa bakwai ne iyayensa. Da jin haka sai ka zana hoto a ranka: Bature a bayan doguwar katanga, Ba'uzbeke a fili fetal. To juya hoton. Mai maganar ganuwar nan, shingensa na gaban gida sau da yawa bai wuce ƙugu ba, tagar falonsa tana kallon titi, mai wucewa yana hango kujerunsa. Mai cewa a sayi maƙwabci kuwa, a tsohuwar unguwar Bukhara ko Khiva, yana bayan katangar ƙasa da ta fi tsawon mutum, babu taga ko ɗaya ta waje, ƙofa guda, ciki kuma an raba: farfajiyar waje ta maza da baƙi, ta ciki ta iyali. Wa ya fi wani katanga?

Abin da kowace take tsarewa ne daban. Shingen Bature iyaka yake nunawa, nan nawa, can naka, kada saniyarka ta ci alkamata mu kai ga kotu. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar Ingila ta yi dokoki sama da 5,200 na killace filayen da a da na gari ne, kowa yana kiwo. Mutanen da suka shekara 300 suna ganin ana dasa shinge, dole shinge ya shiga bakinsu. Maganar ganuwa kuwa daga kotu ta yi ƙarfi: alƙali Edward Coke ne ya rubuta ta a rahoton wata shari'a ta 1604, kuma kariya ce ga mai gida daga masu kutse. Ita ma da sharaɗi, don hukuncin nan ya ce jami'in sarki yana iya ɓalle ƙofar idan ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo shi aka ƙi buɗewa. Katangar Ba'uzbeke ba iyakar dukiya take tsaro ba, sutura ce ga iyali. Ido take hanawa, ba ta hana baki. Unguwar, wadda suke kira mahalla, tana da dattijonta, mai farin gemu, tana da gayyarta ta gina wa mutum ɗaki ko haƙa magudana, ita take ɗaukar gawa, ita take sulhunta miji da mata. Ita ce kuma ta san ƙarfe nawa 'yarka ta dawo jiya. Bayan samun 'yanci gwamnati ta mayar da kwamitocin unguwa wani hannu nata, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kuka da yadda aka yi amfani da su wajen sa ido a kan masu yawan zuwa masallaci. Iyaye bakwai suna da daɗi ranar da ba ka da lafiya. Ranar da kake son a ƙyale ka, ka tambayi matar da take neman saki, dattawan unguwa suna ce mata ta ƙara haƙuri.

Su ma fa ba waliyyai ba ne. Mutanen da suka ɗora baƙo a kan uba su suka ce wanda ya zo ba gayyata sanda ce da ba a fere ba. Mutanen da suke sa albarka da ruwa, a idonsu Tekun Aral ya ƙafe. A 1960 shi ne tafki na huɗu a girma a duniya, kusan murabba'in kilomita 68,000. Aka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga bisa tsarin Mosko, yau jiragen kamun kifin Moynak suna kwance a kan rairayi suna tsatsa, ruwa ya yi musu nisan sama da kilomita 100. Karin magana ba ta tare umarnin gwamnati. Suna da wata ma da ta dace da labarin: mai ɗebo ruwa wulaƙantacce, mai fasa tulu ɗan lele.

Kafin ka ce Bature ba ya ganin girman tsoho saboda yana cewa ba a koya wa tsohon kare sabon wasa, tsaya ka ji wa yake faɗa. Asalinta maganar makiyaya ce, tana cikin wani littafin noma na ƙarni na 16, shawara ce a hori karen kiwo tun yana kwikwiyo. Yau kuwa galibi tsohon ne da kansa yake faɗinta yana dariya, idan jikansa ya matsa masa ya koyi latsa waya. Kare a gidansa ɗan gida ne, yana kwana a kan kujera. Kai dai kada ka kuskura ka fassara ta ga dattijon mahalla, wanda aka raine shi da cewa abin da tsoho ya sani ko aljana ba ta sani ba. Ranar za ka ga kofi ya cika har yana zuba.

Hajiya, ke kaɗai ce ba ki ce uffan ba, bari in ba ki taki. Uzbekawa suna cewa: 'yata, da ke nake, surukata, ke ki ji. Na ga murmushin, ba sai na yi miki bayani ba. Bature kuwa sai an zaunar da shi an zana masa. A can amarya gidan iyayen miji take tarewa, ta yi gaisuwar rusuno ga dangi ɗaya bayan ɗaya, ta tashi da asuba ta share ƙofar gida ta yayyafa ruwa, kuma bisa al'ada autan maza shi yake zama da iyaye har ƙarshe. Uwar miji da matar ɗa tukunya ɗaya, tsakar gida ɗaya, shekara da shekaru. Faɗa kai tsaye zai ƙona gidan, sai a bi ta kan 'yar ciki, wadda ba za ta yi yaji ba. A Ingila masanin tarihi Peter Laslett ya bi tsofaffin rajistocin ƙauyuka ya nuna cewa tun ƙarni na 16 gida bai cika kaiwa mutum 5 ba, ango da amarya nasu ɗakin suke kamawa. Surukar da take wani gari, ta ina za ta jiyo faɗan da ake yi wa 'ya a kicin? Ba su da tsakar gidan, ba su ƙirƙiri maganar ba, in ma ka ba su ita kyauta ba su da inda za su ajiye ta.

Ke kam kin gane tun ɗazu, Hajiya. Duk surutun nan da nake ta yi wa Malam mai gardama, shi ɗan ciki ne, ya saba, gobe ma zai dawo da sabon musu. Alhaji mai gyaɗa kai, kai ka ji.